Gobara ta ci rabin shagona, hayaƙi ya cika gidan: me zan tsirar, me zan zubar?

Baban Hafsat, Bolari, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko ta hanyar sana'arsu ko ta hanyar jarrabawar da ta taɓa samunsu. A daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu da rabi, gobara ta tashi a shagona da ke jikin gidan da nake haya. Atamfa da shadda da yadin maza nake sayarwa, akwai kekunan ɗinki biyu a ciki, a gefe guda kuma uwargida tana ajiye kayan masarufin da take sayarwa, wato madarar gwangwani, taliya, sukari da man gyaɗa. Abin da muka fahimta shi ne an dawo da wutar lantarki da ƙarfi cikin dare, wayar da ta bi ta cikin silin ta kama, iskar hunturu kuma ta hura ta. Maƙwabta ne suka fara ganin hayaƙi suka buga mana ƙofa, da bokitai da yashi aka fara faɗa da ita kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso ta ƙarasa kashewa. Alhamdu lillahi babu wanda ya rasa ransa, babu kuma wanda ya ƙone.

Rabin shagon ya cinye, rufin wajen ya lotsa, bangon da ya raba shago da falo ya yi baƙi ƙirin ta ɓangarori biyun. Wuta ba ta shiga cikin gida ba, amma hayaƙi ya bi ta saman silin ya sauka har ɗakunan kwana, yanzu katifu da labule da kayan sawa da ke cikin akwati duk ƙauri suke yi. Atamfa kusan turmi saba'in ba ta ƙone ba, sai dai wata ta jiƙe da ruwan da aka watsa, wata kuma ta sha hayaƙi.

Mai gidan, dattijo ne mai mutunci, ya zo jaje kuma ya ce zai turo mai fenti ranar Asabar, sannan a ƙulla wayar da ta ƙone a mayar mana da wuta don mu daina kwana cikin duhu. Ni ma zuciyata ta fi son haka, domin duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya kalli baƙin bangon, kuma ina son in buɗe shago tun kafin abokan ciniki su saba da wani wurin. Sai dai jikina yana ba ni cewa ana gaggawa. Tambayata ita ce, shin fenti zai rufe wannan baƙin da warin? Bangon da ya sha wuta haka, ana iya amincewa da shi? Kayan abinci na gwangwani da na leda da wuta ba ta taɓa ba, za a iya sayar da su? 'Yata Hafsat, mai shekara biyar, tana tari tun daren, mun ba ta madara kamar yadda aka ce mana, amma tarin bai tsaya ba. A ƙarshe, wani ɓangare na atamfar bashi na ɗauko shi daga wani dila, wasu yadikan kuma na mutane ne da suka kawo ɗinki. Wa ke da alhakin biyan wane?

Tsohon Ɗan Kwana-kwana, Pantami

Wa alaikumus salam. Sannu da wannan jarrabawa, ɗana, Allah ya tsayar nan, ya mayar maka da mafificin abin da ka rasa. Na shafe shekaru masu yawa a aikin kashe gobara kafin in yi ritaya, don haka bari in fara da abin da ba ya jira, wato yarinyar. Ka kai ta asibiti yau, ko Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ka faɗa wa likita ƙarara cewa hayaƙin gobara ta shaƙa cikin barci. Madara ba ta wanke huhu, manja ma haka, domin ciki suke tafiya, hayaƙi kuwa hanyar numfashi ya bi. Illar hayaƙi takan ɓoye ta fito bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma yara da tsofaffi da masu asma sun fi kowa saurin kamuwa. Idan ka ji muryarta ta dishe, ko numfashinta yana ƙara, ko majinar da take fitarwa ta zo da baƙi-baƙi, to ko cikin dare ne kada a jira gari ya waye. Har sai an tsabtace ɗakunan, ya fi dacewa yaran su kwana a gidan dangi.

Abu na biyu shi ne wutar lantarki, kuma a nan ina roƙonka ka ba mai gida haƙuri da ladabi amma kada ka yarda. A aikinmu mun sha komawa gida ɗaya sau biyu cikin wata guda, kuma sau da yawa dalilin shi ne an yanke inda waya ta ƙone an ƙulla da salatif an mayar da wuta. Jan ƙarfen da ke cikin waya ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,000, shi ya sa za ka gan ta kamar lafiyayya, amma robar da ta rufe ta tana lalacewa tun zafi bai kai ko kusa da haka ba, ta bushe ta tsattsage a cikin bututu inda ido ba ya gani. Duk layin da ya bi ta saman shagon a zare shi a sa sabo, sauran layukan gidan kuma a samo ƙwararren mai gyaran wuta ya gwada su da na'urar da suke kira mega kafin a kunna komai. Idan kana da sola a rufin, ka sani faifan yana ci gaba da samar da wuta muddin akwai rana ko da an kashe inbata, batirin da ya sha zafi kuma a fitar da shi waje nesa da ɗaki. Tukunyar gas da harshen wuta ya lasa ba a sake cika ta.

Kafin a taɓa komai da sunan shara, ka ɗauki hotuna da bidiyo na kowane lungu, ka zauna da littafi ka rubuta abin da ya ƙone da abin da ya lalace, kaya ɗaya bayan ɗaya. Ka je ofishin hukumar kashe gobara ka nemi rahoton gobarar a rubuce. Wannan takarda ita ce za ka nuna wa hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, idan za ka nemi tallafi, ita ce kuma za ka haɗa da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu idan akwai takardun makaranta ko na fili da suka ƙone. Mutanenmu sukan share wuri tsaf a rana ta farko saboda kunyar idon jama'a, daga baya a ce su kawo shaida su rasa abin nunawa.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne kashe wuta ba ya tsayar da ɓarna. Wannan baƙin da ka gani a bango da kan kaya ba irin kunkunniyar madafa ba ce da itace ke haifarwa. Gobarar yanzu roba take ci da leda da soso da fenti. Robar waya da bututun roba idan sun ƙone suna fitar da iskar da in ta haɗu da laima takan zama ruwa mai cin ƙarfe, irin ruwan batir, soson katifa da na kujera kuwa yana fitar da iska mai guba. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga almakashi da makulli da kan keken ɗinki sun fara tsatsa cikin 'yan kwanaki alhali wuta ba ta taɓa su ba. Kekunan nan biyu su ne jarinka na gobe, don haka ka fitar da su yau, a goge su da busasshen ƙyalle, a shafe duk wani ƙarfe da man keke, sannan a kai wa mai gyara ya kwance ya wanke cikinsu. Talabijin, firji, fanka da duk abin da ke amfani da lantarki, kada a jona su don a gwada ko suna aiki, domin baƙin hayaƙin da ya kwanta a cikinsu yana iya haɗa wuta ya ƙone abin da da ana iya cetonsa.

Duk wanda zai shiga aikin shara ya sa takunkumi mai kauri, irin na masu aikin siminti, da safar hannu da rufaffen takalmi. Mai juna biyu da yara ba su da aiki a wurin. Ka kuma adana lamba 112 a wayarka da ta uwargida, tare da lambar ofishin kashe gobara mafi kusa da ku.

Injiniyan Gini, Fadaman Mada, Bauchi

Malam Baban Hafsat, Allah ya kiyaye gaba. Baba tsohon ɗan kwana-kwana ya gama magana kan lantarki, ni zan tsaya kan bango da rufi, domin nan ne aikina.

Baƙin bango ba shi ne abin tsoro ba. Inda bango ya yi baƙi, galibi hayaƙi ne ya kwanta a kansa; inda wuta ta fi tsananta kuwa baƙin ma yakan ƙone, wurin ya fito fari-fari ko ja-ja. Wannan wurin shi ne za ka sa wa ido. Kankare yana fara komawa ruwan hoda ko ja-ja idan zafi ya kai wajen digiri 300, kuma daga nan ƙarfinsa yake fara raguwa sosai. Idan ya koma fari mai toka-toka yana marmashewa a hannu, to zafin ya wuce 600, ba a ɗora masa nauyi kuma. Akwai wata alama da kowa zai iya dubawa ba tare da na'ura ba: alminiyam yana narkewa a digiri 660, saboda haka idan ƙarfen tagar alminiyam ko wata tukunya ta narke a shagon, ka san irin zafin da linta da ginshiƙan da ke kusa suka sha. Ruwan sanyin da aka watsa wa bango mai zafi shi ma yana tsaga shi, wannan kuma ba laifin masu kashewa ba ne, ba yadda za a yi.

Ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa a hankali. Inda ya amsa da ƙarfi, filastar tana manne da bulo. Inda ya yi sauti kamar ganga, ta rabu, sai a farfashe ta a yi sabuwa, domin fenti a kanta asarar kuɗi ne. Idan ka ga kankaren linta ya ɓantare har rodi ya bayyana, ko tsaga ta ratsa bango daga wannan gefe zuwa wancan, ko ƙofa ta daina rufuwa daidai, to a tokare wurin da katako a kira injiniya ya gani da idonsa. Ba zan iya yanke hukunci kan ginin da ban taɓa ba, kuma kada ka karɓi hukuncin duk wanda ya yanke shi daga hoto.

Rufin kuma, tunda ka ce ya lotsa, katakan da ke ɗauke da shi sun ci wuta. A kankare gawayin da ke jikin kowane katako a ga iya inda ƙunar ta shiga. Wanda ta ci sosai a canza shi, a kuma duba mahaɗa da ƙusoshi, domin nan ne rufi ke fara sakewa. Kwanon rufi yana da shafen tutiya da ke hana shi tsatsa, wannan shafen yana narkewa a wajen digiri 420, don haka kwanon da ya canza launi zai yi tsatsa ya fara yoyo cikin damina ɗaya ko biyu ko da an miƙar da shi. Kai da ke Gombe ka san irin iskar da ke zuwa da ruwan farko, rufin da aka lallaɓa ba ya jure mata. Idan silin gidan irin tsohon allon asbesto ne mai launin toka, a yayyafa masa ruwa kafin a kwashe ɓaraguzan, a zuba a buhu a ɗaure, kada a share shi a bushe, domin ƙurarsa tana lahanta huhu bayan shekaru.

Yanzu batun fenti. Idan aka shafa fentin ruwa a kan wannan baƙin ranar Asabar, bangon zai yi kyau na mako biyu ko uku, daga nan rawaya da ruwan ƙasa su fara ɓullowa ta cikinsa. Warin kuma zai lafa yanzu saboda iska a bushe take, amma da zarar laimar damina ta shigo zai dawo kamar jiya aka yi gobarar. Yadda ake yi shi ne a fara cire baƙin a bushe, da injin zuƙe ƙura idan akwai, ko da busasshen soso ana dangwalawa ba tare da gogawa ba, domin ruwa a karon farko yana tura baƙin cikin filasta ne. Bayan haka a wanke da ruwan ɗumi da garin sabulu, a fara daga ƙasa a yi sama don kada baƙin ruwa ya gangaro ya bar zane a busasshen wuri, a ɗauraye, a bar shi ya bushe sarai. Sai a shafa fentin ƙasa mai mai, wanda ke toshe tabo, sau biyu, sannan fentin ado ya biyo baya. Amma duk wannan ba zai amfane ku ba idan aka bar saman silin yadda yake, tunda ta nan hayaƙin ya bi. A buɗe, a cire allunan da suka sha hayaƙi, a tsabtace katakan. Shawarar da zan ƙara wa mai gida ita ce, a wannan gyaran a ɗaga bangon da ke tsakanin shago da gida har ya taɓo kwano, domin da an yi haka tun farko da hayaƙin bai sami hanyar ɗakin yaranku ba.

Maman Sadiq, Tumfure

Sannunku da jaje, Baban Hafsat, a gaida uwargida, a ce mata wadda ta taɓa shiga irin halin da take ciki tana yi mata addu'a. Shekara uku ke nan da gobara ta tashi a ɗakin girkina, kuma abin da ya fi ba ni wahala ba abin da ya ƙone ba ne, abin da ya rage ne.

Kuskuren da na fara yi shi ne turaren wuta. Na yi kwana huɗu ina turara ɗakuna da kayan sawa, ƙamshi ya hau kan ƙauri, abin ya zama wani wari na daban mai sa ciwon kai, har ta kai ni da kaina na daina son turaren da na saba da shi. Turare ba ya cire warin gobara, sai an raba kayan da baƙin da ya maƙale musu. Ku fitar da komai tsakar gida ku kakkaɓe a bushe tukuna. Kayan sawa a jiƙa su dare guda cikin ruwan ɗumi da garin sabulu da ɗan bekin soda, a wanke, a ɗauraye da ruwan da aka zuba wa ɗan binega, a shanya a iska. Wasu sai an maimaita sau uku. Kada a haɗa masu baƙi sosai da waɗanda wari kawai suke yi, kada kuma a yi guga sai an tabbatar warin ya fita, domin zafin dutsen guga yana zaunar da shi a cikin zare har abada. Don Allah kada a garwaya bilic da binega ko da wani maganin wanki, haɗin yana fitar da iska mai shaƙe mutum.

Katifa da matashin kai da kujerun soso da suka sha hayaƙi sosai, ni dai ban ga dabarar da ta cece su ba. Na shanya katifata mako biyu a rana, na canza mata riga, amma duk daren da aka kwanta a kanta jiki ya ɗumama ta sai warin ya taso. Ta yara musamman, ku haƙura da ita. Abin da ya taimaka mini a ɗakuna da cikin akwatuna bayan an wanke su shi ne gawayi. Nakan zuba shi a faranti in ajiye a kusurwa, in canza bayan 'yan kwanaki, tagogi kuma a buɗe duk yini. Tukwane da kwanukan ƙarfe da tangaran suna wankuwa tas, amma robobin abinci da muciya da ludayin katako da bulumbotin jariri duk na zubar.

Game da kayan masarufin uwargida, na san zafin abin, amma duk wanda ya zauna cikin shagon nan lokacin gobara bai kamata ya shiga bakin mutum ba. Hayaƙi yana ratsa leda da kwali, man gyaɗa yana shan wari, gwangwani kuma idan ya sha zafi abin da ke cikinsa yana iya lalacewa alhali bayansa lafiya. Haka magunguna da man shafawa. Takardu da hotuna da suka jiƙe, a ware su ɗaya-ɗaya a sa farar takarda a tsakani a shanya a inuwa, kada a bari su manne. Kun yi sa'a lokacin hunturu ne, da damina ce da cikin kwana biyu funfuna ta kama duk abin da ya jiƙe.

Ɗan Kasuwar Wunti, Bauchi

Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Hajiya, maganarki kan kayan sawa daidai ce, amma ina jin tsoron kada ya ɗauke ta ya yi wa hajar shago haka. Atamfar sayarwa idan ta shiga ruwan sabulu ta tashi daga sabuwa, ƙyallinta da ƙarfinta sun tafi, babu macen da za ta biya kuɗin sabon turmi a kanta. Ya raba kayan kashi uku. Wadda ke cikin ledarta ba ta jiƙe ba, a cire ledar a yar, a warware turmin a rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa na kwanaki, ba a rana ba don kada ta koɗe. Wadda ta jiƙe a warware ta yau, domin idan ta kwana a ninke launi zai zuba a kan launi, ita ce za a wanke a sayar da rangwame ko a ɗinka kayan yara da ita. Shadda kuwa tana da gata, ana wanke ta a sa mata sitaci a kai mabuga ta dawo da kyanta. Wadda gefenta ya ƙone a yanke a sayar da yadi-yadi.

Dilanka kuma kada ka jira ya ji a bakin wani. Ka je da ƙafarka da hotuna da rahoton hukuma, ka tafi da shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarku. Bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, iyayen gidanmu da yawa sun ga yadda dukiyar shekaru ke tafiya cikin dare ɗaya, don haka ba baƙon abu za ka kai musu ba. Idan ka farfaɗo, ka bincika inshorar takaful, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013, an gina ta ne a kan taimakon juna ba a kan kuɗin ruwa ba.

Maman Sadiq, Tumfure

Gaskiyarka, Alhaji, ni kayan gida nake nufi, sanin haja sai ku. Abin da kawai zan ƙara shi ne a yi wannan shanyar a wani gida daban, domin idan aka rataye atamfar a tsakar gidan da ke ƙauri, warin da take fitarwa da rana shi za ta sake sha da dare.

Malamin Islamiyya, Jekadafari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa kaffara ce, ɗan'uwa. Zan taɓa tambayarka ta ƙarshe gwargwadon abin da malaman fiƙihu suka bayyana, tare da cewa idan aka sami saɓani, zama gaban malami ko alƙali da jin ɓangarori biyu shi ne ke yanke magana.

Kaya iri biyu ne a hannunka, hukuncinsu kuma ba ɗaya ba ne. Atamfar da ka saya bashi ta zama mallakarka tun ranar da ka karɓe ta, don haka asararta taka ce, bashin kuma yana nan a wuyanka. Sai dai Alƙur'ani, a aya ta 280 cikin Suratul Baƙara, ya umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ya kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Idan kuwa dilan ya ba ka kayan ne ka sayar masa ka ɗauki ladanka, to amana ce, ba ka biya sai in an tabbatar ka yi sakaci. Gidan haya ma haka yake, amana ne a hannun ɗan haya. Gobarar da ta tashi daga wayar cikin silin ba tare da gangancinka ba, gyaran gini yana kan mai gini.

Yadikan masu ɗinki su ne ke da ɗan tsawon bayani, domin a mazhabar Malikiyya mai sana'ar da ke karɓar kayan jama'a yana lamunce su, sai fa idan hujja ta tabbatar cewa sun halaka ba da sakacinsa ba. Gobarar da unguwa ta shaida, ga kuma rahoton hukuma, hujja ce mai ƙarfi, amma ka nuna wa kowane mai kaya ragowar yadinsa idan akwai, ku yi sulhu cikin mutunci. Kayan da za ka sayar da rangwame kuma wajibi ne ka faɗa wa mai saye cewa sun sha hayaƙi, domin ɓoye aibi algus ne. Kada kuma kunya ta hana ka karɓar taimako: wanda annoba ta cinye wa dukiya yana cikin waɗanda hadisi ya halatta wa neman taimako har ya tsaya da ƙafarsa, mai bashin da ya kasa biya kuma yana cikin masu cin zakka. Idan akwai Alƙur'ani ko littattafan addini da suka ƙone ta yadda ba sa karantuwa, a tattara su cikin ƙyalle mai tsabta a binne a wurin da ba a takawa.

Baban Hafsat, Bolari, Gombe

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba da Injiniya da Hajiya da Alhaji da Malam. Na kai Hafsat asibiti a ranar da na karanta amsar Baba, likita ya saurari ƙirjinta ya ce hanyar numfashinta ta ɗan kumbura, ya rubuta magani, ya ce mu dawo bayan kwana uku. Yanzu ita da ƙannenta suna gidan kakarsu a Herwagana, tarin kuma ya ragu.

Na karanta wa mai gida bayanin Injiniya daga farko har ƙarshe. Da farko ya ce kuɗin zai yi yawa, sai na miƙa masa guduma ya ƙwanƙwasa bangon da hannunsa, filastar da ke saman ƙofar shagon ta zubo gaba ɗaya, muka ga rodin linta a fili. Nan take ya kira mai fenti ya ce a dakata. Mai gyaran wuta ya zare wayoyin saman falo jiya, robar jikinsu tana karyewa a hannu kamar busasshen kara, alhali a wurin ne aka yi niyyar ƙullawa. Mun yi yarjejeniya cewa shi zai ɗauki rufi da linta da waya, ni in ɗauki wanki da fenti, a cire daga kuɗin hayar baɗi.

Keke ɗaya ya tashi, ɗayan yana wurin mai gyara. Atamfa turmi arba'in da ɗaya tana rataye a gidan yayana, kayan masarufi kuma mun haƙa rami mun binne don kada yara su tsinta. Gobe da safe zan tafi wurin dila tare da shugaban ƙungiyarmu. Injiniya, tambaya ɗaya ta rage mini: bayan an yi sabuwar filasta a wannan sanyin, kwana nawa za mu jira kafin a shafa fentin ƙasan?